Gajimare a Ƙasan Rijiya

Da ƙarfe takwas da rabi na safiyar Asabar aka jawo Obadiah daga tsohuwar rijiyar da ke bayan gidan Madam Elizabeth a Maitama. Igiya na ɗaure a ƙugunsa, goshinsa a fashe, babu sauran numfashi. Shekara ashirin da shida yana shiga rijiyoyin mutane, daga Karu har Bwari, ko targaɗe bai taɓa yi ba.

Gidan bai gama wartsakewa daga bikin jiya ba. Rumfuna na nan a kafe, fararen kujeru a kife kan ciyawa, balan-balan na yawo a ƙasa iska na tura su duk inda ta ga dama. An aurar da 'yar autar Madam, baƙi sun kwana cike da ɗakuna, sai injin burtsatse ya ga babu ranar da ta fi wannan dacewa ya ƙone. Da asuba babu ruwan wanka. Shi ne aka tuna da rijiyar da aka rufe shekara goma, aka buga waya Karu a kira masu yasar rijiya.

Kafin Sufeto Perpetual ta iso, an riga an gama shari'ar a tsakar gida. 'Yan sintiri sun sa wa Abednego ankwa, sun zaunar da shi a gindin mangwaro. Shi ne mai riƙe igiya, abokin aikin marigayin, kuma mijin ƙanwarsa. Mai gadi ya ji su suna cacar baki da safe. Tafin hannayensa duka biyu sun saɓule. Dipio, shugaban ofishin 'yan sandan yankin, shi ma ya bugo mata waya ya ce abin a fili yake: an yi faɗa, an saki igiya, mutum ya faɗi. "Ki rubuta bayani ki kawo mini shi kafin magariba," in ji shi. "Litinin kotu, kisan kai."

Perpetual ta ce to. Ta saba cewa to. A ofis Sufeto Gyangyaɗi suke kiranta, don in tana tunani sai ta lumshe ido ta karkata kai, ka rantse ta yi nisa a barci. Ba ta taɓa musa musu ba, don ta lura mutane sun fi sakin baki a gaban wanda suke zaton ba ya jin su.

A bakin ƙofar baya wata mata na tsaye, hannu harɗe a ƙirji, ba ta kuka. Serah ce, matar Abednego, ƙanwar Obadiah. Tun da ta zo ta leƙa fuskar yayanta ta mayar da mayafin, ba ta kalli gindin mangwaron ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi gawar taɓa zuciyar Perpetual. Ta jawo farar kujera ta zauna gaban Abednego.

"Me ya haɗa ku faɗa?"

"Madam, a kan wanda zai shiga ne. Yana tari tun wancan sati. Na ce, Yaya, yau ni zan shiga. Ya ce ban isa ba. Na ƙwace igiya, ya ƙwace. Kullum haka muke, shekara goma sha tara."

"Kun gwada rijiyar?"

Ya ɗago kai kamar ta zage shi. "Ba mu taɓa shiga rami ba mu tura fitila ba. Ƙarfe bakwai na zura shi da hannuna. Ya sauka gaba takwas har ya kusa taɓa ruwa, wuta na ci. Ruwan ma kaɗan ne, bai kai gwiwa ba. Ki tambayi Baba mai gadi, ashanarsa ne."

"Daga nan fa?"

"Muka je get muka sha koko. Kamar minti arba'in. Muka dawo, ya ɗaura igiya, ya fara sauka."

"Ba ku sake tura fitilar ba?"

"Sau ɗaya ake yi, Madam. Rijiya ba ya canza hali a awa ɗaya."

"Ya yi magana yana ciki?"

Abednego ya dubi tafin hannunsa. "Ya yi. Da ya kai kamar gaba shida sai na ji yana dariya. Ya ce, Abednego, akwai gajimare a nan ƙasa. Ya ce fari tas, kamar sama ya faɗo cikin rijiya. Na ce, Yaya, bar wasa. Ya ce bari ya taɓa. Sai igiya ya yi nauyi gaba ɗaya, ya ja ni har baki. Ya zame a hannuna, Madam, amma ban saki ba."

'Yan sintirin suka tuntsire da dariya. Ɗayansu ya ce ya ji ƙarya iri-iri a aikin nan, amma bai taɓa jin wanda ya ɗora wa gajimare laifi ba. Perpetual ta lumshe ido ta karkata kai.

Ta tashi ta je bakin rijiyar ta leƙa. Duhu ne kawai, rana ba ta kai ƙasa ba tukuna. Babu wari, babu motsi. Ɗan sintirin ya ce a sake zura fitila a gani, ta ce a'a. Ramin masai na gidan bai fi taku goma daga nan ba, in iskarsa ce ta ratso, wuta za ta tashi da su duka. Tana bukatar abin da zai sauka ya dawo ya gaya mata abin da ya tarar, ba tare da ya ƙona kowa ba.

Tana tsaye sai Ushafa, garin da ta tashi, ta faɗo mata a rai. Mahaifiyarta maginiyar tukwane ce, ranar kasuwa kuma tana sayar da zoɓo a cikin randar da ta gina da hannunta. Wata rana Perpetual, tana 'yar shekara tara, ta kuskure ta zubar da jiƙon kanwa a cikin randar. Jan ruwan nan ya yi duhu, ya juye kore kamar ruwan tafki. Ta sha duka ranar, amma ko tana kuka idonta na kan randar. Sai da ta shiga sakandare wani malamin kimiyya ya ba ta amsa, ya kuma nuna mata yadda za ta mayar da launin da numfashinta kawai.

Ta nufi kicin. Mai dafa abincin gidan, Rosemary, mace ce mai jiki da murya, tana tsakiyar mata huɗu da tulin tukwanen biki.

"Anti, akwai sauran zoɓon jiya?"

Rosemary ta dube ta sama da ƙasa. "Mutum ya mutu, oga madam na neman zoɓo."

"Da kanwa 'yar kaɗan. Da fararen kwanuka biyu masu faɗi. Da tsinken shan lemo."

Ta ɗebi cokali biyu na zoɓon, ta sirka da ruwa mai yawa har ya zama kamar ɗaurayar kofi. Ta ɗiga jiƙon kanwa ɗigo-ɗigo tana juyawa. Jan ya dushe, ya koma shunayya, ya yi wani shuɗi-shuɗi, sannan ya tsaya a kore. Matan suka bar wanke-wanke suka kewaye ta.

"Zoɓo ba ya ɓoye abin da ya taɓa shi," in ji Perpetual. "In akwai tsami, ja yake. In kanwa ta kashe tsamin, ya koma kore. Anti, zuba kaɗan a kofi ki hura da tsinken nan. A hankali."

Rosemary ta hura. Kumfa ta riƙa tasowa. Ta huta ta sake hurawa, ta sake. Koren ya fara sanyi, shunayya ta ratso shi kamar yadda gari ke wayewa a kan Dutsen Ushafa, har kofin ya koma ruwan hoda mai duhu. Rosemary ta ajiye shi da sauri ta yi alamar gicciye.

"Blood of Jesus! Me ke cikin bakina?"

"Abin da ke bakin kowa. Iskar da muke fitarwa ce. Malaminmu yana kiranta kabon dayoksaid. In ta shiga ruwa sai ta zama ɗan tsami, zoɓo kuwa ya tona ta. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, kwanciya take a ƙasa kamar ruwa. Kaɗan ba ta komai. In ta cika rami, mutum ba ya wuce numfashi kaɗan."

Suka fita da kwanukan biyu, kowanne da koren ruwa. Ɗaya ta ajiye a bakin rijiya don ya zama shaida. Ɗayan ta sa a guga ta zura gaba uku, ta jira, ta jawo. Kore yake. Ta sake zurawa, wannan karon har gaba bakwai, tana ɗan girgiza igiyar don ruwan ya motsa. Baƙin biki sun taru nesa kaɗan cikin kayan barcinsu. Kurciya na kuka a kan katanga. Minti goma ta yi a haka, ido a lumshe, igiya na lilo a hannunta.

Da gugan ya fito, jikinsa ya yi raɓa, sanyi ƙarara kamar daga firji. Ruwan kwanon ya zama ruwan hoda. Na bakin rijiyar yana nan kore.

"A'uzu billahi," in ji mai gadi, wani dattijo mai suna Farouk.

"Baba, ka ga fitilar da safe?"

"Da idona, ranki ya daɗe. Har ƙasa ta je tana ci, ta dawo tana ci."

To, ga wuta ta ci da ƙarfe bakwai, ga iskar da ke kashe wuta ta cika ƙasan rijiya kafin takwas da rabi. Abednego ya yi gaskiya, rijiya ba ta canza hali cikin awa ɗaya. Sai dai in an canza mata. Perpetual ta juya wajen Rosemary, ta yi tambayar kamar mai magana cikin mafarki.

"Anti, kin taɓa ganin gajimare a ƙasa?"

"Jiya ma na gani. Amarya ya yi rawa a kai."

Ta ciro waya ta nuna mata. Ga filin rawa, ga fitilu masu launi, ga amarya cikin farar riga tana juyi a hannun ango. Ba a ganin ƙafafunsu. Wani farin abu ya kwanta a ƙasa har gwiwa, yana malala a hankali, yana zubowa daga bakin dandamali kamar nono. Perpetual ta kalla sau uku. Abin ya yi kyau, kuma kyan nasa ne ya ba ta tsoro.

"Da me suka yi shi?"

"Masu kwalliya ne. Wani ƙanƙara ne da ba ya narkewa ya zama ruwa. Dirai ais suke ce masa. Su zuba ruwa a kai, sai hayaƙi. Sun ce kar kowa ya taɓa da hannu, yana ƙuna. Ya rage da yawa, suka bar shi a shuɗin kula a bayan kicin, wai yau za su aiko a ɗauka."

"Nuna mini."

Suka zaga bayan kicin. Kuloli bakwai na jere, ja da fari. Babu shuɗi.

Perpetual ta san ƙanƙarar nan. Ita ce iskar da Rosemary ta hura a kofi, an daskarar da ita ta zama dutse. Kula ɗaya ya isa ya cika ƙasan rijiya. Saura wanda ya juye shi, da dalilinsa. Ta fara da matan kicin, ɗaya bayan ɗaya. Duka huɗun sun ce daga shida da rabi har aka yi ihu Rosemary na kan suyar ƙwai da doya na mutum sittin, ko fitsari ba ta fita ba. Ta duba hannayensu. Tabon mai ne kawai, tsoho da sabo.

Ta koma wajen Farouk.

"Baba, lokacin da suke shan koko kana ina?"

"Tare muka sha. Marigayin ne ma ya saya mini ƙosai. Ban bar ƙofa ba, baƙi na ta shige da fice."

"Wa ya fita da mota?"

"Edward direba. Ya kai mutum uku filin jirgi."

"Ƙarfe nawa?"

"Ana fara labaran ƙarfe takwas a rediyona na buɗe masa."

Madam Elizabeth tana falo, ta ɗaura ɗankwali a goshi saboda ciwon kai. Ta ce ba ta taɓa ganin mutanen nan ba sai yau, wata 'yar cocinsu ce ta ba ta lambarsu da asuba. Ba wanda ya san za a buɗe rijiyar sai da ta faɗa da bakinta, wajen ƙarfe shida, a gaban ma'aikata duka.

"Wani abu ya ɓata a gidan nan, Madam?"

"Ɓata? Babu. Ai ni na sa mai gadi ya riƙa duba jakar kowane ma'aikaci da but ɗin kowace motar gida tun ranar Alhamis. Biki ne, kin san hali."

Perpetual ta fito ta zauna a kan kujerar da ke fuskantar rijiyar, ta yi gyangyaɗinta. Babu wanda ya san Obadiah a gidan nan, balle ya ƙulla masa. Babu ma wanda ya san wanne cikinsu zai shiga, tunda su kansu sai da suka yi faɗa a kai. Ashe ba mutumin aka nufa ba. Rijiyar aka nufa. Wani ne ba ya so a sauka cikinta, a gidan da ake binciken jaka a bakin ƙofa.

Edward ya dawo tun goma. Tana isa garejin ta same shi yana goge mota mai tsabta. Mutum ne tsaf-tsaf, riga a soke, shekara shida yana tuƙa Madam. Yatsu uku na hannun damansa a naɗe da filasta.

"Oga Edward, ƙarfe nawa ka fita?"

"Bakwai daidai, ma. Jirgi ba ya jira."

"Mai gadi ya ce takwas."

"Baba ya tsufa, ma."

"Rediyonsa bai tsufa ba. Me ya sami hannunka?"

"Lagireton mota. Na buɗe da zafi."

"Jiya ko yau?"

"Yau. A hanya."

"Motar Madam sabuwa fil tana zafi a hanyar filin jirgi? Buɗe mini but."

Ya buɗe. Shuɗin kula na kwance a lungu, an jefa tsumma a kai.

"Na lemo ne, ma. Na sa wa baƙi ruwa da ƙanƙara."

Ta ɗaga murfin kaɗan ta zura hannu. Sanyi, kuma a bushe ƙayau. Ta mayar da murfin nan take.

"Ƙanƙarar da ta narke ba ta bar ko ɗigo ba?"

"Na zubar na goge."

"To, ba komai. Zoɓo zai gaya mana."

Ta sa aka kawo kulolin nan bakwai aka jera su a garejin tare da shuɗin. Rosemary ta haɗa koren ruwa da kanta, har ta fara yi wa sauran matan bayani kamar ita ta ƙirƙiro abin. Aka sa kofi ɗaya a cikin kowane kula aka rufe. Suka tsaya jira. Edward ya ci gaba da goge gilashi ɗaya, wuri ɗaya, har tsumman ya fara ƙara.

Bayan minti goma sha biyar aka buɗe. Kofi bakwai kore. Na takwas ya yi launin da kwanon rijiya ya yi.

"Ɓurɓushin da ya maƙale a ƙasa ne," in ji Perpetual. "Ka juye, ka rufe murfi da sauri, ka jefa a but. Ya narke a ciki ya rasa hanyar fita. Cire filastar."

Bai cire ba, ɗan sintiri ya cire masa. Fatar yatsun ta yi fari fat, ta kumbura. Ƙunar sanyi ce.

"Ban san komai ba, ma," ya ce.

Ba ta ja da shi ba. Ta je gindin mangwaro ta sa aka cire wa Abednego ankwa. "In iska ta ɓaci a rijiya, yaya kuke fitar da ita?"

"Da lema, Madam."

Aka samo babbar lemar ruwa. Ya nuna musu yadda ake ɗaure ta a igiya a buɗe, baki sama kamar kwano. Tunda hannunsa ba ya riƙo, 'yan sintirin nan masu dariya su suka yi aikin. Su zura ta har ƙasa, su jawo a hankali, su kai ta can gefen katanga su juye abin da ido ba ya gani a kan ciyawa. Sun yi haka ya fi sau sittin, gumi na zuba, baƙi na kallon ƙarti biyu suna kwasar babu suna zubarwa. Wajen ƙarfe uku Perpetual ta zura sabon kwano. Ya dawo kore. Ta jira awa guda cur ta sake zurawa, don ta ga ko rijiyar da kanta take haifar iskar. Ya sake dawowa kore. Sai ta yarda Abednego ya kunna fitilarsa. Ta sauka gaba takwas tana ci.

Ya nemi madubi, aka ciro na ɗakin baƙi. Ya nuna wa Farouk yadda zai tare rana ya karkata ta cikin ramin. Haske ya gangara bango har ya sauka kan ruwa. Can a gefe, rabi a cikin laka, wani gwangwanin fenti na zaune, murfinsa a rufe, marikinsa a tsaye. Sau huɗu aka jefa ƙugiyar ciro guga kafin ta kama.

Madam Elizabeth ta buɗe shi da kanta. A ciki, naɗe a leda, sarƙar zinariya ce da 'yan kunne da awarwaro shida, na mahaifiyarta, waɗanda ta ba amarya jiya da rana. Ta zaci suna cikin akwatin da ya tafi gidan miji. Ta zauna a ƙasa kan ciyawa ba ta sani ba.

Perpetual ta juya wajen Edward. Yanzu idonta a buɗe yake tar.

"Kai ka loda akwatunan amarya jiya. Ka cire wannan, amma ba ka iya fita da shi ba, ana duba but. Ka jefa shi rijiyar da ba a buɗe ba shekara goma, ka ce in ƙura ta lafa ka ciro abinka da ƙugiya. Da asuba Madam ta ce za a yashe ta. Cirowa na son lokaci, ga baƙi ko'ina. Juye kula kuwa ƙiftawar ido ne. Ka jira suka tafi shan koko. Wani gutsure ya maƙale, ka sa hannu ka ture shi. Haka ne?"

Edward ya durƙusa. "Tsoro kawai na so in ba su, ma. Wallahi, Allah na gani. Na ce hayaƙin zai taso kamar na biki, su ce aljanu ne, su gudu. Kowa ya san masu rijiya ba sa wasa da aljanu. Ban san yana kisa ba. Amarya ma ya yi rawa a ciki."

"Amarya kanta na sama, a fili, iska na kaɗawa. Kuma a bikin ka ga ya taso? A ƙafarta ya kwanta. Ba ya tashi, Edward. Ya kwanta a ƙasan rijiya ya jira." Ta waiwaya ta dubi Abednego. "Na yarda ba ka nufi kisa ba, kotu za ta auna wannan. Amma ka dawo ƙarfe goma ka tarar da gawa, ka tarar da mutumin nan da ankwa, matarsa na tsaye ba ta iya kallonsa. Kana goge mota."

Ankwar da aka cire wa Abednego ita aka sa masa. Ta buga wa dipio waya ta ce tana tafe da mutum kafin magariba, kamar yadda ya ce, sai dai ba wancan ba ne.

Rana ta yi sanyi. Masu rumfa sun zo sun fara kwance kayansu. Serah ta baro bakin ƙofar a karon farko, ta zo ta tsaya kan kwanukan biyu da ke bakin rijiyar, kore da ruwan hoda, ta daɗe tana kallonsu.

"Madam, ya sha wahala?"

Perpetual ba ta san iyakar amsar ba, kuma ba ta so ta yi mata ƙarya. "Bai daɗe ba. Abin da na sani, gajimaren da ya ce ya gani, da gaske ya gan shi. Kuma dariya yake yi."

Serah ta gyaɗa kai. "Haka yake tun muna yara. In ya ga abu mai kyau sai ya taɓa."

Ta taka zuwa gindin mangwaron. Abednego ya koma ya zauna a inda aka ajiye shi tun safe, ko da yake babu mai tsare shi yanzu. Bai ɗago ba.

"Baban David, buɗe hannunka."

Ya buɗe. Igiyar ta cinye fatar har nama, layi biyu a kowane tafi. Wannan raunin ne aka nuna mata da safe aka ce ga shaidar ya saki. Ta durƙusa ta riƙe hannayen ta baya, inda ba ciwo.

"Ni ya kamata in shiga," ya ce. "Na ƙwace igiya, Serah. Da na riƙe da ƙarfi, da ni ne."

"Da kai ne," ta ce, "da Yaya ne zaune a nan da ankwa tun safe, ni kuma ina can tsaye ban kalle shi ba."

Sai a lokacin kukan ya zo mata. Ta kama bakin zaninta da haƙori ta yage, tana kuka tana naɗe masa tafin hannun dama, sannan na hagu.